Tukunyar da Na Ƙi Ɓoyewa

Kafin ku ce na cika taurin kai, kamar yadda kowa a gidanmu yake faɗa, ku bari in ba ku labarin ranar Asabar tun daga tushe. In kun gama ji, sai ku zage ni da hujja.

Ni dai a kantin magani nake aiki, ina zaune gaban iyayena, kuma abu ɗaya ne ya hana ni zama 'yar kirki a idon dangi: tukwanena. Suna jere a bayan ɗakina kan wani bencin katako, inda rana ke bugawa tun safe amma rumfar kwano ta tare ruwan sama. Wanda ya leƙa su a lokacin zafi ba abin da zai gani sai yashi da tsakuwa, da wani abu mai kama da kan albasa ya leƙo, ɓawonsa a bushe kamar tsohuwar takarda. Goggo, yayar Baba, ita ta raɗa min suna Uwar Tukwane.

"Mutane suna kiwon kaji," in ji ta, "ke kina kiwon yashi."

Ba yashi nake kiwo ba. Albasar furanni ce, irin wadda ke fitowa a ƙasashen da ruwan sama ke yi wa rowa. Tun ina ajin ƙarshe a sakandare na shiga wani zaure na masu shuka a waya, wata tsohuwa daga wata ƙasa mai nisa ta aiko min da iri ta gidan waya. Da na buɗe ambulan, irin har ya fara tsira a ciki, bai jira kowa ba. Na haɗa yashi mai kauri da tsakuwa da dakakken gawayi a tukwanen ƙasa masu huji a gindi, na shuka. Wasu sun mutu, wasu sun rayu. Na gama sakandare, na gama karatun harhaɗa magani, ƙannena mata biyu suka yi aure a gabana, amma babbar cikin albasoshin nan ba ta taɓa yin fure ba. Mai Mafici nake ce mata, don in ta fitar da ganye sai ya baje gefe da gefe kamar mafici.

Dokarsu ɗaya ce. In ganye ya bushe sun shiga barci, kuma mai barci ba a ba ta ruwa, ko ɗigo. Wata da watanni haka za ka zuba musu ido. Ka tausaya ka zuba, ka kashe.

To, sai Barista ya shigo rayuwata.

Kada ku ɗauka ba na son sa. Wallahi ina so. Dogo ne, takalminsa kullum kamar madubi, in ya bar falo ƙamshin turarensa sai ya kwana a labule. Magani ya zo saya wa mahaifiyarsa, ya tafi da magani da lambata. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Gimbiya yake ce min. Mama kuwa in ta ji ƙarar motarsa har wani gyara ɗaurin ɗankwali take, sai ka ce wurinta ya zo.

Ranar da na fara nuna masa tukwanen, da gorar ruwa a hannunsa. Na gaya masa dokar, na maimaita. Ya yi dariya, ya ce, "Haba Gimbiya, wannan ai mugunta ce," ya juye sauran ruwan a wata 'yar ƙarama da ke bakin benci. Na yi maza na karkata tukunyar, amma ruwan ya riga ya shiga wuyanta. Bayan 'yan kwanaki na taɓa ta, yatsana ya nutse. Ta ruɓe, sai wari. Na tura masa hoto.

Ya amsa: "Ayya, yi haƙuri. Albasa ce fa. Gobe in sa a kawo miki buhu daga kasuwa." Da hoton fuska mai dariya har da hawaye.

Washegari aka kawo min fulawar roba, ja, a cikin kwalba mai ruwan zinare. Mama ta ɗora ta a teburin tsakiyar falo, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa. Ni kuwa na haɗiye. Na ce a raina, namiji ne, bai gane ba, zai gane.

Makon jiya, da safe, ina shirin fita aiki, na leƙa benci kamar kullum. Sai na ga bakin Mai Mafici ya tsage. Wani abu kore mai kauri kamar babban yatsa ya turo kai daga tsakiyarta, ba ganye ko ɗaya. Na durƙusa a wurin da farar rigar aikina. Na san ganye, na gan shi duk shekara. Wannan ba ganye ba ne. Jama'a, na yi kuka. Mama ta fito da gudu da ludayi a hannu ta ɗauka kunama ce.

"Mama, za ta yi fure!"

Ta dube ni, ta dubi tukunyar. "Allah ya nuna min ranar da za ki yi wa mutum irin wannan kukan," ta ce, ta koma kicin.

A makon ne kuma aka tsayar cewa mahaifiyar Barista za ta zo ranar Asabar ta gan ni, ta ga gidanmu. Ban taɓa ganin ta ba, sai dai gaisuwa a waya. Aka wanke labule, aka ɗaga kujeru, Baba ya sa aka yi wa ƙofar gida fenti. Ni kuma kullum kan nan yana ƙara tsawo yana kumbura, ina ɗaukar hoto ina tura wa Barista. Bai ce komai ba, sai ranar Alhamis, ina tsaye bayan kanta, saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, akwai 'yar matsala. Umma ta ji labarin tukwanenki."

"Ta ji me?"

"An ce mata gadali ne. Wai da su kika mallake ni. Kin san tsofaffi."

Na karanta har sau uku. Wata mata na gabana tana jiran maganin tari, na miƙa mata ba tare da na ga fuskarta ba.

"Kai me ka ce mata?"

"Na kare ki mana. Amma ta kafe. Ki kawar da su kafin Asabar. Ki kyautar, ko ki zubar. Dama gidan da na kama mana bene ne, ba wurin ajiye su."

"Akwai baranda. Na gani a hoto."

"Barandar ta shan iska ce. Gimbiya, ni ko albasa?"

Na jefa wayar a aljihu. Ashe bai tsaya a kaina ba, ya kira Mama. Ina shiga gida na tarar da ita da Goggo a falo, fuska ba annuri, Baba yana gefe ya manna rediyo a kunne.

"Zauna," in ji Goggo. "Yau za a yi ta ta ƙare. Yaro ɗan mutunci, mai aikin yi, uwarsa ta ce ga abin da ba ta so, ke wace ce?"

"Goggo, fure ne."

"Furen uban wa? Ke da bakinki kika ce kada yara su taɓa, guba ne."

"Rabin abin da ke kantinmu ma guba ne in an sha ba daidai ba."

"Kin ji ko?" ta juya wurin Mama. "Kin ji bakin? Shi ya sa ƙannenta suka tsallake ta."

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma ta Mama ta fi ciwo, don ita ba faɗa ta yi ba. Hannuna ta kama, muryarta ƙasa ƙasa.

"Don Allah, 'yar nan. Na gaji da amsa tambaya a gidan mutane. Ki rufa min asiri. Yashi ne da tukunya. In kin shiga ɗakinki kin zauna, sai ki lallaɓa shi ki sake wasu."

"Mama, tun ina da kayan makaranta nake jiran wannan. In sake wasu, in jira har yaushe? Kuma in na ɓoye su, ai na yarda ke nan asiri nake yi."

Na dubi Baba. Ya rage rediyo kaɗan, ya ce, "Ni dai kada a fasa min famfon baya wajen jan benci." Ya mayar da rediyonsa kunne.

Ranar Asabar na tashi da sassafe na zagaya baya. Benci wayam. Sai zagayen gindin tukwane a kan katako. Na tarar da Goggo a kicin tana yanka kek hankalinta kwance.

"Suna sito," ta ce ba ta ko kalle ni ba. "Ki gode wa uwarki, ni bola na ce."

Makullin siton yana rataye bayan firij, inda yake tun ina yarinya. Na buɗe. An cusa su tsakanin buhun gawayi da tsohon keken Baba, an jefa musu zanin gado a kai. Na ɗaga zanin a hankali, ina addu'a.

Ta buɗe. A cikin duhun siton nan Mai Mafici ta buɗe. Wani dunƙulen fure kamar ƙwallo, ya kusa kai kan jariri, ɗaruruwan 'yan siraran furanni ja mai ruwan hoda, kowanne da zarensa ya miƙo waje, duk a kan kara guda da ya fito daga busasshiyar albasa. Zanin ya karya mata kaɗan a gefe ɗaya. Ƙamshi mai zaƙi, mai nauyi, ya danne warin gawayi.

Na daɗe a tsugune. A nan na yanke shawara, kuma ba zan ce muku shaiɗan ne ya zuga ni ba. Ni ce, da hankalina.

Na mayar da sauran kan benci ɗaya bayan ɗaya. Na yi wanka. Na sa leshin da Mama ta zaɓa, ruwan toka mai ɗigon azurfa, ɗinkin doguwar riga mai faɗin hannu. Na ɗaura ɗankwali, na yafa farin mayafi, na sa 'yan kunnen da Barista ya saya min, na zizara kwalli. Duk abin da aka ce in yi na yi. Da aka ce baƙuwa ta iso, Barista ya sauke ta ya wuce ofis zai dawo ɗaukar ta, Mama da Goggo suka fita tarbo ta. Ni kuma na rungumo Mai Mafici, da nauyinta da yashinta, na shiga falo. Na ɗauke fulawar roba na tura bayan kujera. Na ajiye tukunyata a tsakiyar teburi, tsakanin kofunan shayi da farantin kek.

Goggo ce ta fara shigowa. Ta yi turus, bakinta a buɗe. Mama ta dafe ƙirji. Ba damar magana, baƙuwa na bayansu.

Na zata zan ga mace mai gwala-gwalai da hura hanci. Sai ga 'yar ƙaramar tsohuwa, siririya, da atamfa mai duhu da gilashin ido, jakarta a hammata. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, ta zauna, aka shiga gaishe-gaishe. Goggo sai matsar da flas take wai ta kare tukunyar, kamar flas zai iya. Idon tsohuwar kuwa yana kan furen.

"Wannan ƙamshin har ya sa min ciwon kai," in ji Goggo da ƙarfi. "Ɗauke mana, 'yar albarka." Ta harare ni harara mai cewa za mu haɗu.

Ban ɗauke ba, na buɗe baki.

"Umma, ki gafarce ni. Wannan shi ne gadalin da aka gaya miki. Na ce gara ki gan shi da idonki. Ban binne komai a ciki ba, ban kira sunan kowa a kai ba. Fure ne, ni na shuka shi tun yana iri, yau ya fara buɗewa. In an ce sai na zubar da shi za a karɓe ni, to, Umma, ba zan zubar ba."

Mama ta sunkuyar da kai tana salati a hankali.

Tsohuwar ta ajiye kofinta.

"Wane gadali?"

"Wanda kika ce a kawar kafin ki zo."

"Ni?" Ta dubi Mama, ta dubi Goggo. "Ni na ce? Yaushe?"

"Barista ne ya kira ni," Mama ta ce. "Ya ce ranki ya ɓaci, kin ce in ba a kawar ba ba za ki tako gidan nan ba."

"Baiwar Allah, ni ko sanin yarinyar nan na shuka ban yi ba. Abin da ya gaya min, tana aiki a kantin magani, kuma ta ce za ta ajiye aikin bayan biki."

Na ɗago kai da sauri. "Ni ban taɓa cewa zan ajiye aiki ba."

Muka kalli juna, ni da ita. Goggo ta buɗe baki za ta gyara zance, wai ƙila yaro bai fahimta ba ne, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. Ban taɓa ganin wanda ya sa Goggo shiru da hannu ɗaya ba.

"Akwai wasu?" ta tambaye ni.

"Suna baya."

"Mu je ki nuna min. Ku yi zamanku, yanzu za mu dawo."

Na kai ta bayan ɗakina. Ta bi tukwanen ɗaya ɗaya, ta duƙa tana gyara gilashi. Ta tambaye ni me ya sa ba ganye, na ce barci suke. Ta ce ba sa jin ƙishi? Na ce sun tara ruwansu a ciki, abin da suke so kawai a ƙyale su. Ta ɗan yi murmushi, ta zauna a bakin bencin, ta ɗora jakarta a cinya.

"Da ina ɗinki," ta ce. "Har daga wasu unguwanni ake kawo min. Kekena baƙi ne mai zanen zinare, da guminna na saye shi. Uban yaron nan, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa zagi na ba. Watanmu kaɗan da aure ya zo ya ce mahaifiyarsa ta ce ƙarar keke na hana ta sakewa, kuma ba ta son mata suna sintiri a gidan ɗanta. Na ji kunya, na sayar. Ban taɓa tambayar ta ba, wa zai tambayi suruka? Na yi shekaru ina gaishe ta da ciwon abin a raina. Sai da ta kwanta ciwon ajali, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce min, 'Ke kuwa me ya sa kika daina ɗinki? Ni da nake yawo da rigarki ina cewa matar ɗana ce ta yi.'"

Ta cire gilashin ta goge da bakin mayafi.

"Ban taɓa ba yaron nan labarin ba. Ban san inda ya koya ba."

Hawaye ya ɓata min kwallin da na ɓata lokaci ina zizarawa.

"Ɗana ne, ina son sa," ta ce. "Ba zan ce ki bar shi ba, ba zan ce ki aure shi ba, wannan naki ne. Amma ba zai yi da sunana ba."

Sai ga hon a ƙofar gida. Wayata ta yi ƙara a hannuna.

"Na iso, Gimbiya. Ina fatan kin yi abin da ya dace. Fito mu gaisa kafin in shigo."

Na nuna mata. Ta karanta, ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Je ki. Kada ki ce masa komai. Ki tambaye shi me na ce. Ina nan bayan ƙofa, ina son in ji yadda nake magana."

Muka ratsa tsakar gida tare. Ta window na hango Mama da Goggo sun leƙo, Goggo tana yi min alama da hannu ko me ke faruwa. Ban tsaya ba. Tsohuwar ta raɓe jikin bango, ni na tura ƙofar, fentin har yanzu yana ɗan kama hannu, na bar ta a buɗe kaɗan.

Yana jingine da mota, farar shadda, hula ta zauna daidai, yana murmushin nan da ya sa na ba shi lambata.

"Kin yi kyau," ya ce. "An kawar?"

"Suna nan inda suke. Babbar ma tana falo, kan teburi."

Murmushin ya ɗauke. Ya matso, ya rage murya.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin kunyata ni."

"Barista, gaya min daidai. Me Umma ta ce?"

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka gajiyar. "Ban so in faɗa miki duka ba, don kada ranki ya ɓaci. Ko ɗazu a mota sai da ta maimaita. Ta ce ita ba za ta haɗa zuri'a da mai binne-binne ba. Har kuka ta yi min, Gimbiya. Uwata, da girmanta, tana kuka."

Na matsa gefe ɗaya kawai.

A bayana, ƙofar ta buɗe gaba ɗaya.